Waliyyiya Monika, Matar Gida daga Afirka

A ranar 27 ga watan Agusta kowace shekara Ikilisiya tana tunawa da Waliyyiya Monika, kashegari kuwa ta tuna da ɗanta Waliyi Agustin. Da can ana yin idinta ne a ranar 4 ga Mayu, sai a shekarar 1969, sa'ad da aka sake tsara kalandar Ikilisiya, aka matso da ita kusa da ɗanta, uwa a gaba, ɗa a baya. Sunanta ba baƙo ba ne gare mu, gama 'ya'yanmu mata da yawa sun karɓe shi a wurin baftisma. Amma in an tambaye mu labarinta, yawancinmu abu ɗaya muka riƙe, wato ta yi ta kuka har ɗanta ya tuba. Akwai sauran labari, kuma matan aure da mazajensu ne suka fi bukatar jinsa.

An haifi Monika wajen shekarar 331 a Tagaste, wani ƙaramin gari a ƙasar Numidiya, wanda yau ake kira Suk Ahras a gabashin Aljeriya. 'Yar Afirka ce, tun fiye da shekara 200 kafin Musulunci ya bayyana, lokacin da arewacin nahiyarmu take ƙarƙashin mulkin Romawa, cike da majami'u da bishop-bishop. Ba ta rubuta littafi ba, ba ta kafa gidan sistoci ba, ba ta kuma yi mutuwar shahada ba. Kusan duk abin da muka sani game da ita daga alƙalamin ɗanta ya fito, musamman littafin ikirarinsa da ya rubuta wajen shekara goma bayan rasuwarta.

Iyayenta Kirista ne, amma ita da kanta ta fi ambaton wata tsohuwar baiwa ta gidansu, wadda ta goyi mahaifin Monika a bayanta tun yana jariri. Tsohuwar nan tana da tsanani, ko ruwa ba ta barin 'yan matan gida su sha in ba lokacin cin abinci ba, domin ta koya musu kamun kai. Duk da wannan horo, da Monika ta taso aka riƙa aikenta ta ɗebo ruwan inabi daga tulu, sai ta fara ɗanɗanawa da bakin leɓe, yau kaɗan gobe ƙari, har ta kai ga shanye kofi guda. Ran nan faɗa ya haɗa ta da wata baiwa, baiwar ta gorata mata ta kira ta mashayiya. Maganar ta soke ta ƙwarai, daga ranar kuma ta daina. Monika ce ta ba ɗanta wannan labari, ba ta ɓoye masa ba.

Da ta isa aure aka ba da ita ga Patrisiyus, ɗan majalisar garin, mai 'yar gona, ba mai dukiya sosai ba. Shi ba Kirista ba ne. Mutum ne mai sakin hannu, amma mai zafin rai, ba ya kuma riƙe amanar aure. Surukarta ma da farko ta ƙi ta, saboda tsegumin barorin gida. Monika ta bi tsohuwar da ladabi da hidima har ta gane gaskiya, ta kai ƙarar masu tsegumin wurin ɗanta da kanta, daga nan suka zauna lafiya har ƙarshe. Wajen miji kuwa dabararta ita ce ba ta amsa masa yana cikin fushi. Takan bari ya huce, sa'an nan ta bayyana masa dalilinta. A cikin unguwa an san ta da wani hali: in mata biyu sun yi faɗa, kowacce ta zo ta zazzage mata baƙar magana a kan ɗayar, ba ta ɗaukar komai daga wannan zuwa waccan sai abin da zai shirya su.

A nan dole mu tsaya, domin an sha ɗaukar wannan sashe na tarihinta ana ɗora wa mata kayan da Ikilisiya ba ta ɗora musu ba. Agustin ya ba da labari cewa mata da yawa na Tagaste suna yawo da tabon duka a fuska, Monika kuwa takan shawarce su su riƙe harshensu. Ita dai ba a taɓa jin Patrisiyus ya ɗaga mata hannu ba. Shawararta ta fito ne daga zamanin da matar da ake duka ba ta da wurin kai kuka, ta koya wa ƙawayenta yadda za su tsira da fatarsu. Wannan bai zama izini ga wani namiji ba. Duk wanda ya karanta Afisawa sura 5 har ƙarshe ya san kayan da aka aza wa miji ya fi nauyi, gama an umarce shi ya ƙaunaci matarsa har ga ba da ransa. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, a wasiƙarsa ta 1988 a kan darajar mata, ya bayyana wannan nassi da cewa biyayyar ta juna ce, miji ga mata, mata ga miji, saboda Kristi. A cikin wasiƙar ma ya ambaci sunan Monika. Dokar Ikilisiya ta 1983, lamba ta 1153, ta yarda wa matar aure ko mijin aure su raba wurin zama idan ɗayan ya zama babban haɗari ga jiki ko ruhu, nasu ko na 'ya'ya, ko da yake igiyar auren tana nan. Saboda haka idan mace ta zo da kumburarren ido, kada dattawan coci ko shugabannin Zumuntar Matan Katolika su sallame ta da sunan Monika kawai. A kira mijin.

Haƙurinta dai ya yi 'ya'ya. Patrisiyus ya karɓi baftisma dab da mutuwarsa, wajen shekarar 371, ya bar ta tana kusan shekara 40 da 'ya'ya uku da muka sani: Agustin, wanda ta haifa ranar 13 ga Nuwamba 354, da Nabijiyus, da 'ya mace wadda daga baya ta shugabanci gidan sistoci a Hippo. Ba ta sake aure ba.

Agustin ne ya zame mata gicciye. Tun yana jariri aka yi masa alamar gicciye aka sa masa gishiri a baki, alamar mai jiran baftisma, amma baftismar kanta aka jinkirta, bisa ga al'adar lokacin, wai sai ƙuruciya ta wuce. Ko da ciwon ciki ya kusa kashe shi yana yaro, ya roƙa a yi masa, da ya warke sai aka sake ɗagawa. Daga baya shi kansa bai yaba wannan jinkiri ba. Iyayen biyu sun ƙwallafa rai ya yi ilimi ya zama babban mutum. Aka tura shi Madaura, sa'an nan Kartaj, a Tunisiya ta yau, da taimakon wani attajirin garinsu mai suna Romaniyanus. A can ya ajiye mace ba aure, ta haifa masa ɗa, Adiyodatus, wajen 372. Ya kuma shiga ɗariƙar Mani, masu koyar da cewa haske da duhu iko biyu ne da ke yaƙi tun fil'azal, ya zauna cikinsu shekara tara.

Mu da ke wannan gefen kogi, a Kinkinau da Unguwar Mu'azu da Tudun Wada, ba sai an fassara mana wannan ba. Tun bayan rikicin 2000 da na 2002 iyalan Kirista da dama suka ƙaura zuwa kudancin kogin Kaduna, waɗanda suka rage kuwa sun san yadda ake renon ɗa a inda bangaskiyarsa ba ita ce ta yawancin abokan wasansa ba. Akwai kuma gidajen da miji da mata ko uwa da ɗa ba su bin hanya ɗaya. Monika ta zauna da mijin da ba Kirista ba, sa'an nan da ɗan da yake yi wa bangaskiyarta ba'a. Da farko ta hana shi cin abinci a gidanta. Sai ta yi mafarki tana tsaye a kan wani katakon awo, aka nuna mata ɗanta tsaye tare da ita a kai. Ta buɗe masa ƙofa. Ta je wurin wani bishop, wanda shi ma ya tashi cikin ɗariƙar Mani, ta roƙe shi ya yi gardama da yaron. Bishop ya ƙi, ya ce yaron bai shirya ji ba tukuna, ta bar shi ta yi masa addu'a. Da ta nace da kuka, sai ya sallame ta da tabbacin cewa ɗan da aka zubar wa hawaye irin wannan ba zai hallaka ba.

A shekarar 383 Agustin ya yaudare ta. Ta bi shi har bakin teku a Kartaj domin ta hana shi tafiya Roma ko kuwa su tafi tare. Ya ce mata rakiyar aboki ya zo, ya lallashe ta ta kwana a wani ɗakin addu'a na tunawa da Waliyi Sipiriyan, cikin dare jirgi ya tashi da shi. Ta koma gida. Bayan shekara biyu, tana gwauruwa mai shekara fiye da 50, ta haye Bahar Rum ta same shi a Milan ta Italiya, inda ya zama babban malamin iya magana na fadar sarki. Da hadari ya taso musu a teku, ita ce ta riƙa ƙarfafa matuƙan jirgin.

A Milan ta sami Bishop Amburos. Ta zo da al'adar gida ta kai fate da burodi da ruwan inabi kaburburan shahidai. Da mai gadi ya gaya mata bishop ya hana, sai ta bari nan take ba gardama, abin da ya ba ɗanta mamaki. A 386, da uwar sarki, Yustina, ta nemi ƙwace wata majami'a ta ba mabiyan Ariyus, waɗanda ke musun cewa Ɗan daidai yake da Uba, jama'a suka kwana cikin coci tare da bishop ɗinsu suna waƙoƙi, Monika tana sahun gaba.

Akwai abu guda a Milan da ba za mu rufe ba. Monika ta matsa a nema wa Agustin auren da ya dace da matsayinsa, tana fatan aure zai kai shi ga baftisma. Aka sami yarinya, amma saura shekara biyu ta isa aure. Matar da ta zauna da shi wajen shekara 15 aka sallame ta ta koma Afirka, ta bar ɗanta, ta yi wa Allah alkawari ba za ta ƙara sanin namiji ba. Ko sunanta tarihi bai riƙe ba. Ita ma uwa ce. Agustin ya ce zuciyarsa ta yi jini, auren da aka shirya kuwa bai taɓa yiwuwa ba. Iyaye mata da ke zaɓa wa 'ya'yansu maza mata bisa ga gida da aljihu su lura cewa ko waliyyiya ta yi tuntuɓe a nan.

A shekarar 386 Agustin ya tuba a cikin wani lambu, ya fara gaya wa abokinsa Alipiyus, sa'an nan suka shiga suka gaya wa uwarsa. Suka koma wani gidan gona a Kasisiyakum, na abokinsa Berekundus, tare da 'yan'uwa da almajirai. Monika ce ke riƙe da gidan, ita ke kula da cinsu da shansu. Amma da aka zauna muhawara a kan ma'anar rayuwa mai albarka, a ranar haihuwar Agustin, tana cikin zaman, amsoshinta kuma suka sa masu ilimin suka yi shiru. Ɗanta ya sa aka rubuta maganarta cikin littafin, ya kuma lissafta ta cikin masu neman hikima. Matar da ke dafa tuwo ita ce ke warware tambayar malamai, ba wanda ya ga saɓani a ciki. Wannan ya yi daidai da koyarwar Paparoma Yohanna Bulus na Biyu a wasiƙarsa ta 1981 a kan iyali, 'yan watanni kafin ya zo Kaduna a Fabrairu 1982: a buɗe wa mata ƙofar ayyukan jama'a, a kuma daina ganin aikin gida da reno kamar ba aiki ba ne. Namijin da ke cewa matarsa ba ta yin komai, tana gida ne kawai, ya gwada riƙe gidan mako guda.

A daren Ista, 24 ga Afrilu 387, Amburos ya yi wa Agustin baftisma tare da Adiyodatus da abokinsa Alipiyus. Suka kama hanyar gida, suka sauka a Ostiya, tashar jiragen ruwan Roma. A can wata rana uwa da ɗa suka jingina da taga mai duban lambu, suna zancen rai madawwami, har na ɗan lokaci suka ji kamar sun taɓa shi. Ta ce masa ba ta ga abin da ya rage mata a duniya ba, tun da ta gan shi Kirista. Bayan kamar kwana biyar zazzaɓi ya kama ta. Ta riga ta shirya wa kanta kabari kusa da mijinta a Tagaste, Nabijiyus kuma yana baƙin ciki za ta mutu a baƙuwar ƙasa. Ta hana shi, ta ce su binne ta ko'ina, abu ɗaya take roƙo, su riƙa tunawa da ita a bagaden Ubangiji duk inda suke. A rana ta tara ta ciwon ta rasu, tana da shekara 56. Agustin ya rufe mata ido, Adiyodatus ya fashe da kuka, aka miƙa hadayar Mas a bakin kabari kafin a sa ta ciki.

Agustin ya koma Afirka, ya zama bishop na Hippo, ya rasu ranar 28 ga Agusta 430. Babbar makarantar horar da fadoci ta Jos, inda fadocin Arewa da yawa suka yi karatu, sunansa take ɗauke da shi. Ƙasusuwan Monika kuwa a 1430, zamanin Paparoma Martin na Biyar, aka ɗauke su daga Ostiya zuwa Roma, suna cikin majami'ar Waliyi Agustin. A 1945 waɗansu yara suna haƙa rami kusa da cocin Waliyyiya Awureya a Ostiya, suka tono gutsuren dutsen da aka rubuta a kan kabarinta na farko.