Tarihin Madhubala, Tauraruwar Da Indiya Ta Yi Shekaru Tana Ɗokin Gani

Daga cikin 'yan wasan sinima na ƙasar Indiya waɗanda sunansu ya game duniya, da wuya a sami wadda jama'a suka yi ɗokin fitowarta, suka kuma yi ta gardama a kanta, kamar Madhubala. Shekara 36 kurum ta yi a duniya, ta fito a finafinai wajen 70, amma guda ɗaya daga cikinsu, watau Mughal-e-Azam, shi ne ya ci mata kusan shekara takwas na ƙuruciyarta, ya kuma ƙarasa abin da ya rage na lafiyarta. Masu zuwa gidajen sinima a Kano da Kaduna da Jos, inda 'yan kasuwa mutanen Labanan suka soma kawo finafinan Indiya tun wajen ƙarshen shekarun 1950, sun san yadda unguwa kan ɗauka da zance in an manna hoton sabon fim a bango. To, irin wannan ɗoki ne mutanen Indiya suka yi shekara da shekaru suna yi.

ASALINTA

An haife ta a birnin Delhi ran 14 ga watan Fabrairu 1933, aka raɗa mata suna Mumtaz Jehan Begum. Ubanta Ataullah Khan mutumin ƙabilar Fatan ne daga yankin Peshawar, kuma ita ce ta biyar cikin 'ya'yansa 11. Yana aiki a wani kamfanin taba, sai aikin ya kuɓuce masa, ya kwashi iyalinsa zuwa Bombay, wadda a ke kira Mumbai yanzu, ya shiga zagaya kamfanonin shirya fim da 'yar yarinyar a hannu yana nema mata aiki. A 1942 kamfanin Bombay Talkies ya sa ta a wani fim mai suna Basant tana da shekara tara. Tun daga ran nan ci da shan gidan suka koma wuyanta, ba ta kuwa sami yin makaranta kamar sauran tsararrakinta ba.

A watan Afrilu 1944 wani jirgin ruwa da ke ɗauke da nakiyoyi ya fashe a tashar jiragen Bombay, ɗaruruwan mutane suka hallaka, gidan da iyalin ke zaune ya rushe. An ruwaito cewa abin da ya tserar da su shi ne a lokacin sun tafi kallon sinima. Bayan shekara uku darekta Kidar Sharma ya ba ta babbar rawa a fim ɗin Neel Kamal tare da wani saurayi sabon shiga, Raj Kapoor, tana da shekara 14. Daga nan ta koma amsa sunan Madhubala. Amma fim ɗin da ya ɗaga ta sama shi ne Mahal na 1949, wanda Kamal Amrohi ya shirya, inda ta fito kamar fatalwa mai yawo a wani tsohon gida. Fim ɗin nan kuma shi ne ya fito da sunan zabiya Lata Mangeshkar.

ƁOYO YA ƘARA ƊOKI

Ataullah Khan ya riƙe al'amuran 'yarsa da hannu biyu. Shi ke sa hannu a kan kwangila, shi ke karɓar kuɗi, shi ke yanke wanda zai gan ta. Ya hana 'yan jarida da baƙi shiga inda ta ke aiki, ba ta zuwa liyafa, ba ta halartar bukin buɗe fim, daga gida sai wurin aiki, magariba kuwa a gida ta ke yi mata. 'Yan jarida suka fusata, suka yi ta sukarta da girman kai. Sai dai abin da aka ɓoye shi ido ke nema. Da ya ke ba a ganinta ko'ina sai a majigi, kowane sabon fim nata ya zama ita ce kaɗai damar da masoyanta ke da ita ta ganin fuskarta, mujallun sinima kuma suka lura cewa hotonta a bango kan sayar da bugu.

Labarinta ya ƙetare teku. A 1951 mai ɗaukar hoto na mujallar Life ta Amurka ya je har gidanta, a 1952 kuma mujallar Theatre Arts ta buga sharhi inda ta nuna cewa babbar tauraruwar duniya a lokacin tana Indiya ne, ba a Hollywood ba, in aka dubi yawan masu kallonta. Duk da haka finafinanta da dama na farkon shekarun 1950 ba su yi kasuwa ba, 'yan kallo kuma suka rabu biyu. Waɗansu suna cewa kyau ne kurum Allah ya ba ta, ba ta da zurfin wasa irin na Nargis ko Meena Kumari. Waɗansu kuwa suna cewa masu shirya fim ne ba su ba ta rawar da za ta nuna gwanintarta ba. Kowane ɓangare ya zuba ido ga fim guda wanda a ke ta jin ƙishin-ƙishin ana shirya shi, don a nan ne za a raba gardama.

FIM ƊIN DA YA ƘI ƘAREWA

Tun 1944 wani saurayi mai suna K. Asif ya ƙudura niyyar mai da labarin Anarkali fim, bisa wasan kwaikwayon da Imtiaz Ali Taj ya rubuta a 1922. Labari ne na Yarima Salim, ɗan Sarki Akbar wanda ya mulki daular Mughal daga 1556 zuwa 1605, da wata baiwa mai rawa a fada wadda yariman ya so, har ya ɗaga takobi a kan ubansa dominta. Asif ya fara aiki da Nargis da Chandramohan, sai aka raba ƙasar a 1947, mai zuba kuɗin ya ƙaura Pakistan, Chandramohan kuma ya mutu a 1949. Da attajiri Shapoorji Pallonji ya yarda ya ɗauki nauyi, sai aka sake sabon lale a farkon shekarun 1950: Prithviraj Kapoor ya zama Akbar, Dilip Kumar ya zama Salim, Madhubala ta zama Anarkali.

Ana cikin haka, a 1953 kamfanin Filmistan ya riga su fitar da nasa Anarkali, da Bina Rai a matsayin baiwar, ya kuwa yi kasuwa ƙwarai. Mutane da yawa suka ce Asif ya makara, an riga an shanye romon labarin. Shi kuwa bai fasa ba, ya ci gaba da kashe kuɗi kamar ba a san zafinsu ba. Ya sa aka gina fadar madubai, wadda ta ci kusan shekara biyu ana liƙa ƙananan gilasai da aka sayo daga Beljiyam, kuɗinta kaɗai ya fi na cikakken fim a wancan zamani. Ya biya babban mawaƙi Bade Ghulam Ali Khan rupi 25,000 a kan kowace waƙa, alhali shahararrun mawaƙan fim ɗaruruwa kurum a ke ba su. Duk irin wannan labari da ya fita sai ya shiga jaridu, ya zama abin hira a shagunan shayi, waɗansu na cewa Asif ya haukace, waɗansu na rantsuwa fim ɗin ba zai taɓa fitowa ba.

CIWO DA SHARI'A

Akwai abin da masu jiran nan ba su sani ba. A 1954, tana aikin wani fim a Madras, Madhubala ta yi aman jini. Likitoci suka gano cewa da ciwon aka haife ta, watau akwai huda a bangon da ya raba ɗakuna biyu na ƙasan zuciya. Ta wannan huda jini kan kwarara da ƙarfi zuwa huhu fiye da kima, a hankali jijiyoyin huhun su lalace, numfashi ya riƙa gagara. A shekarar nan ce likitoci a Amurka suka fara cin nasarar ɗinke irin wannan huda a zukatan yara, amma in huhu ya riga ya lalace aikin ba ya amfani. Iyalinta suka rufe zancen, domin in masu kuɗi suka ji tauraruwa ba ta da lafiya ba za su sa dukiyarsu a kanta ba, gida kuwa da ita ya dogara.

Sa'an nan ga maganar Dilip Kumar. Tun fim ɗin Tarana na 1951 soyayya ta shiga tsakaninsu, duk Indiya ta sani, masoya suna jiran ranar ɗaurin aure kamar yadda su ke jiran fim ɗin. A 1956 darekta B. R. Chopra ya ɗauke su su biyu a fim ɗin Naya Daur, ya biya ta kuɗin kafin alƙalami, sa'an nan ya ce za a tafi wajen Bhopal a ɗauki wani sashe. Ataullah Khan ya ce 'yarsa ba ta barin Bombay. Chopra ya maye gurbinta da Vyjayanthimala, ya buga talla a jarida da sunan Madhubala an soke shi da alƙalami, ya kuma kai ƙara kotu. Jama'a suka riƙa cika kotun maƙil. Dilip Kumar ya ba da shaida a ɓangaren Chopra, Madhubala ta tsaya bayan ubanta, maganar aure ta watse. Daga baya Chopra ya janye ƙarar, amma ɓarnar ta riga ta auku.

Duk da haka Mughal-e-Azam bai ƙare ba, dole su biyun suka ci gaba da fitowa a matsayin masoya. Dilip Kumar da kansa ya bayyana a littafin tarihinsa na 2014 cewa sa'ad da aka ɗauki sashen nan da ya shahara, inda Salim ke shafa fuskar Anarkali da gashin tsuntsu, ko gaisuwa ba ta haɗa su. A sassan kurkuku kuwa Asif ya ƙi yarda da sarƙar kwaikwayo, sai ta ƙarfe ta gaske aka ɗaura mata, ta yi ta janta kwana da kwanaki har fatarta ta kwailaye, ga zuciya mai huda. A tsakanin nan ba ta daina sauran aiki ba. A 1955 ta ba mutane dariya a Mr. & Mrs. '55 na Guru Dutt, a 1958 kuma Kala Pani da Howrah Bridge da Chalti Ka Naam Gaadi suka fito a jere, duk suka karɓu.

RANAR FITOWA

Da Asif ya ga yadda rawar fadar madubai ta fito da launi, sai ya ce zai sake ɗaukar fim ɗin gaba ɗaya da launi. Dillalan da suka gaji da jira suka ce atafau, aka fitar da shi yadda ya ke, yawancinsa baƙi da fari. Aka tsai da ranar Juma'a 5 ga watan Agusta 1960, a gidajen sinima 150 a lokaci guda, babban bukin kuma a gidan sinima na Maratha Mandir da ke Bombay, mai kujeru wajen 1,100.

Tun kafin a buɗe sayar da tikiti mutane suka yi dafifi a ƙofar gidan, an ƙiyasta sun kai 100,000. Waɗansu suka yi kwana huɗu ko biyar a layi, suna kwana a titi, 'yan'uwansu na kawo musu abinci daga gida. Tikitin rupi ɗaya da rabi ya kai rupi 100 a kasuwar bayan fage, har sai da 'yan sanda suka shiga tsakani. An rubuta takardun gayyata kamar wasiƙar sarki, aka ɗauko faifan fim ɗin a kan giwa da aka yi wa ado. Dilip Kumar bai halarta ba, saboda saɓanin da ya shiga tsakaninsa da Asif.

Fim ɗin ya tara kuɗin da babu wanda ya taɓa tarawa a Indiya, ya riƙe kambin nan shekara 15 har zuwa fitowar Sholay a 1975. Tsohuwar gardamar nan ma ta mutu, domin masu sharhi da 'yan kallo sun haɗu a kan cewa Anarkali ce ta ɗauki fim ɗin. Amma da aka zo rabon kyautar Filmfare ta gwanar 'yar wasa, sai aka ba Bina Rai saboda fim ɗin Ghunghat, masoyan Madhubala kuwa ba su daina ƙorafi a kan wannan hukunci ba.

ƘARSHENTA

A shekarar 1960 ɗin nan ta auri mawaƙi Kishore Kumar, suka tafi Landan neman magani. Likitoci suka duba suka ce aiki ba zai yiwu ba, suka yi mata tsammanin shekara biyu. Ta yi tara, yawancinsu a kwance a gidan iyayenta, ta rame ƙwarai, ba ta son kowa ya gan ta. A waje kuwa finafinan da ta riga ta yi suna ta fitowa, Jhumroo a 1961, Half Ticket a 1962, Sharabi a 1964, 'yan kallo na ganin yarinya mai dariya da tsalle, jaridu na ta yaɗa cewa ta kusa dawowa. Ta gwada komawa don ta ƙarasa fim ɗin Chalaak tare da Raj Kapoor, jiki ya ƙi, aka bar fim ɗin ba a gama ba.

Ta rasu ran 23 ga watan Fabrairu 1969, kwana tara bayan cikarta shekara 36, aka binne ta a maƙabartar Musulmi ta Juhu a Bombay. A 1971 aka fitar da Jwala, fim ɗinta guda tilo mai launi daga farko har ƙarshe, bayan an cike guraben da ta bari da waɗansu mata masu kama da ita. A shekarar nan ce kuma K. Asif ya rasu. Burinsa bai cika ba sai a watan Nuwamba 2004, sa'ad da aka yi amfani da kwamfuta aka sa wa Mughal-e-Azam launi gaba ɗaya aka mai da shi gidajen sinima, jikokin waɗanda suka kwana a titi a 1960 suka sake yin layi don su ga Anarkali. A 2008 hukumar gidan waya ta Indiya ta buga kan sarki mai ɗauke da hotonta.