Tarihin Sergei Korolev, ɗalibin da ya buɗe hanyar zuwa samaniya

A lokacin da Tarayyar Soviet ta harba tauraron ɗan'adam na farko a duniya a shekarar 1957, mutane ƙalilan ne suka san sunan injiniyan da ya jagoranci aikin. Hukumomi sun ɓoye sunan Sergei Pavlovich Korolev har zuwa rasuwarsa, inda jaridun ƙasar suke kiransa Babban Mai Ƙira kawai.

Sai dai tun kafin ya soma aikin roka, Korolev ya riga ya yi suna a tsakanin ɗalibai, a gasar ƙera jiragen sama marasa inji.

An haife shi ranar 12 ga watan Janairun 1907 a garin Zhytomyr da ke ƙasar Ukraine ta yanzu, wadda a lokacin take ƙarƙashin daular Rasha. Mahaifinsa malamin makaranta ne, amma iyayen nasa sun rabu tun yana ƙarami, don haka a hannun kakanninsa ya fara tashi.

Daga bisani ya koma birnin Odessa tare da mahaifiyarsa da mijin da ta aura, wanda injiniya ne. A can ya shiga makarantar koyon gini, ya kuma saba da matuƙa jiragen da ke sauka a kan ruwa a tashar birnin. Yana da shekara 17 ya kammala zanen jirginsa na farko maras inji, mai suna K-5.

Gasar Koktebel

A shekarar 1924 ya shiga kwalejin kimiyya da fasaha ta Kyiv, sannan a 1926 ya koma babbar makarantar fasaha ta Bauman da ke Mosko, inda yake haɗa karatu da aiki domin ya ciyar da kansa.

A wancan zamani ana gudanar da wata gasa ta jiragen sama marasa inji a tsaunukan Koktebel da ke yankin Crimea. Irin waɗannan jirage iska kaɗai ke ɗaukarsu, saboda haka duk wani kuskure a lissafin nauyi ko siffar fukafuki nan take yake bayyana. Ɗalibai da matasan injiniyoyi kan ƙera jiragensu da kansu, su kai su wurin a gwada wanda zai fi daɗewa a sama ko kuma ya fi nisan tafiya.

Oleg Antonov da Sergei Ilyushin da Alexander Yakovlev, waɗanda daga baya jiragen sama da dama suka ɗauki sunayensu, duk sun bi ta wannan gasa.

A shekarar 1929 Korolev da abokinsa Sergei Lyushin sun kai wani jirgi da suka raɗa wa suna Koktebel. Korolev ya tuƙa shi da kansa, ya shafe sa'o'i 4 da minti 19 a sama.

A shekarar da ta biyo baya ya ƙera wani jirgin mai ƙwarin da zai iya jure wa juyi a cikin iska. Matuƙi Vasily Stepanchonok ya yi adungure da shi sau uku a sama, abin da ya janyo hankalin masana harkar jirage a ƙasar. Korolev bai shaida wannan nasara ba, domin yana kwance yana jinyar zazzaɓi mai tsanani.

Shahararren mai ƙera jirage Andrei Tupolev ne ya duba aikinsa na kammala karatu, wato wani ƙaramin jirgi mai kujeru biyu da ake kira SK-4. A farkon 1930 ya karɓi takardar shaidarsa ta injiniya.

Ɗauri a Kolyma

A shekarar 1931 Korolev da Friedrich Zander da wasu masu sha'awa suka kafa wata ƙungiyar nazarin roka a Mosko, wadda ake kira GIRD. A watan Agustan 1933 ƙungiyar ta harba rokarta ta farko, kuma a shekarar ce gwamnati ta shigar da ita cikin wata cibiyar bincike ta ƙasa.

Amma a watan Yunin 1938, lokacin da gwamnatin Joseph Stalin ke kame dubban jami'ai da masana, an tsare Korolev bisa zargin yi wa ƙasa zagon ƙasa. An yanke masa hukuncin ɗaurin shekaru goma, aka tura shi aikin haƙar zinariya a Kolyma, a can gabashin Siberiya, inda yunwa da tsananin sanyi suka zubar masa da haƙora da dama.

Bayan koke-koken da mahaifiyarsa da wasu fitattun matuƙa jirage suka yi, an dawo da shi Mosko a 1940, aka rage ɗaurin zuwa shekaru takwas. An sa shi cikin wani rukunin injiniyoyi fursunoni da ke ƙera jiragen yaƙi, kuma shugaban rukunin shi ne tsohon malaminsa Tupolev, wanda shi ma yake tsare.

An sake shi a 1944, amma sai a 1957 aka wanke shi daga zargin baki ɗaya.

Daga Sputnik zuwa Gagarin

Bayan yaƙin duniya na biyu an tura shi Jamus domin nazarin makamin V-2, sannan aka damƙa masa aikin ƙera makamai masu linzami masu cin dogon zango. Wannan aiki ne ya samar da rokar R-7, wadda aka gwada cikin nasara a watan Agustan 1957.

Sojoji makami suke buƙata, amma Korolev ya shawo kan shugabanni su bar shi ya yi amfani da rokar wajen zuwa samaniya. Ranar 4 ga watan Oktoban 1957 aka harba Sputnik, mai nauyin kilo 83.6, lamarin da ya girgiza Amurka. Wata guda bayan haka aka aika da wata karya mai suna Laika.

A 1959 kumbon Luna 3 ya aiko da hotunan farko na ɓangaren wata da ba a gani daga doron ƙasa. Ranar 12 ga watan Afrilun 1961 kuma Yuri Gagarin ya zama mutum na farko da ya je samaniya, a wata tafiya ta minti 108. Valentina Tereshkova ta zama mace ta farko a 1963, sannan a 1965 Alexei Leonov ya zama na farko da ya fita daga kumbo a sararin samaniya.

Korolev ya rasu ranar 14 ga watan Janairun 1966, yayin da ake yi masa tiyata a wani asibiti a Mosko, kwana biyu bayan cikarsa shekara 59. A lokacin ne aka bayyana wa jama'a sunansa, aka kuma ajiye tokar gawarsa a bangon fadar Kremlin.

Babbar rokar N1 da ya fara ƙerawa domin kai mutum duniyar wata ta gaza a dukkan gwaje-gwaje huɗu da aka yi mata tsakanin 1969 da 1972, yayin da Amurka ta cimma wannan buri a 1969.

A 1996 an sauya wa garin da cibiyarsa take, a kusa da Mosko, suna zuwa Korolev. Rokokin Soyuz da suka yi ta kai 'yan sama jannati tashar samaniya ta ƙasa da ƙasa kuwa, daga R-7 suka samo asali.