Sabu: Yaron Bargar Sarki Da Ya Zama Tauraro, Amma Aka Hana Shi Girma

Idan ana Hawan Magajiya ko Sallar Gani a Daura, ido yana kan Sarki ne da hakimai da dawakan da suka sha ado. Ba mai waiwayen yaran da suka yini yankan ciyawa, suka wanke dawakin, suka share barga. To, a cikin irin waɗannan yara ne aka samu wani a ƙasar Indiya, sai dai su bargarsu ta giwaye ce, wanda kafin ya cika shekara 20 sunansa ya game Landan da New York. Sunansa Sabu, kuma shi ne ɗan Indiya na farko da ya zama babban tauraro a finafinan Ingila da Amurka. Duk son da muke yi wa fim ɗin Indiya a ƙasar Hausa, da wuya ka samu matashin da ya san shi. Dalili kuwa shi ne, har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa fitowa a fim ɗin da 'yan Indiya suka shirya ba, ko da guda ɗaya.

An haife shi ranar 27 ga Janairun 1924 a Karapur, cikin masarautar Maisur da ke kudancin Indiya, a gidan Musulmi. Mahaifinsa mai kiwon giwa ne, ma'aikacin Sarkin Maisur. A wannan masarauta, matsayin da doki yake da shi a wajenmu shi giwa take da shi: a bikinsu na Dasara, a wancan zamani a kan giwa Sarki yake fita, cikin wata rumfar zinare. Sabu ya yi maraici tun yana ƙarami, ya tashi a bargar Sarki yana yi wa giwaye hidima. Ba makarantar boko, ba Turanci, ba gata. Abin da ya iya kawai shi ne sarrafa dabbar da ta fi shi girma nesa ba kusa ba.

A 1935 wani Ba'amurke mai shirya finafinan rayuwar jama'a, Robert Flaherty, ya sauka Maisur da ma'aikatansa. Kamfanin London Films na Alexander Korda ne ya turo shi ya ɗauki wani labarin Rudyard Kipling na yaro mai suna Toomai da giwarsa. Yaron da zai hau giwa ba tsoro suke nema, sai suka ci karo da Sabu, yana ɗan shekara 11. Aikin bai kammala a Indiya ba, don haka aka kwashe shi zuwa Ingila, aka tafi da yaron tare da yayansa, Shaik Dastagir, wanda zai riƙa kula da shi. Ƙanen Korda, wato Zoltan, shi ya ƙarasa ɗaukar fim ɗin a Denham. Turancin da Sabu ya yi a ciki hadda ce kawai, ana faɗa masa yana maimaitawa. Amma kyamara ta so shi. Yana da murmushin da ba a koya wa mutum, kuma hawan giwarsa ba wasan kwaikwayo ba ne, sana'ar gidansu ce.

Fim ɗin, Elephant Boy, ya fito a 1937, ya ci kyautar ba da umarni a bikin finafinai na Venice. Korda ya ga ya tsinci dami a kala, sai ya ƙulla yarjejeniya da yaron, aka sa shi makaranta a Ingila, ana kai shi taruka da rawani a kansa 'yan jarida na ɗaukar hoto. Ka duba fa, yaron da shekara biyu baya yake kwashe kashin giwa.

Daga nan aka yi The Drum a 1938, fim mai launi, inda ya fito a matsayin Yarima Azim, ɗan sarkin wata ƙasa a kan iyakar arewa maso yammacin Indiya. Baffansa ya kashe mahaifinsa ya ƙwace sarauta, shi kuma yariman ya jingina da sojan Ingila. Saƙon a fili yake: basaraken kirki shi ne mai biyayya ga Bature, mai bijirewa kuwa mugu ne. A Ingila an tafa, amma a Bombay da Madras sai da aka yi zanga-zanga a kan fim ɗin, don a lokacin Indiyawa na tsakiyar neman 'yanci. Mu ma 'yan Najeriya wannan gida na Korda ya taɓa mu, domin su ne suka yi Sanders of the River a 1935, labarin wani jami'in mulkin mallaka a Najeriya, fim ɗin da mawaƙin nan baƙar fata Paul Robeson ya fito a ciki, daga baya ya nesanta kansa da shi. Robeson babba ne, yana da bakin magana. Sabu kuwa shekararsa 14, abin da aka rubuta masa shi yake yi.

Fim ɗin da ya kai shi ƙololuwa shi ne The Thief of Bagdad na 1940. Bagadaza dai ba baƙuwa ba ce ga mutumin Daura, tunda daga can tarihin baka ya ce Bayajidda ya taso kafin ya iso rijiyar Kusugu. Ita wannan Bagadazar ta fim irin ta Dare Dubu da Ɗaya ce. Sabu ya fito a matsayin Abu, ɗan ƙaramin ɓarawon kasuwa da ya haɗu da Sarki Ahmad a kurkuku bayan mugun waziri Jaffar ya ƙwace mulki. Wazirin ya makantar da Sarki, ya mayar da Abu kare. Daga baya Abu ya tsinci kwalba a bakin teku, ya buɗe, ƙaton aljani ya fito zai hallaka shi, yaron ya yi masa wayo ya mayar da shi ciki. A ƙarshe a kan darduma mai tashi ya zo ya ceci abokinsa. Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke ana cikin ɗaukar fim ɗin, dole aka ƙarasa shi a Amurka, kuma da haka Sabu ya shiga Hollywood. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar guda uku. Duk wanda ya kalli katun ɗin Aladdin na kamfanin Disney na 1992 ya ga jikan wannan fim, har sunayen Abu da Jafar suna nan.

A 1942, yana da shekara 18, ya fito a matsayin Mowgli a Jungle Book, yaron da namun daji suka raina. Shi ma ya samu karɓuwa sosai. Daga nan kamfanin Universal ya ɗauke shi, ya haɗa shi da Maria Montez da Jon Hall a finafinai uku: Arabian Nights a 1942, White Savage a 1943, da Cobra Woman a 1944.

A nan ne fa matsalar ta fara bayyana. Ka lura da rawar da ake ba shi. Kullum shi ne amintaccen yaron jarumi, mai tsalle-tsalle, mai ban dariya, ba riga sai rawani da ɗan bante. Shi zai sha wahalar ceto, amma gimbiya ta Bature ce. A The Thief of Bagdad John Justin ne ya auri gimbiya, a finafinan Universal kuma Jon Hall ke tafiya da Maria Montez. Yau a ce shi Balarabe ne, gobe ɗan wani tsibiri, jibi ɗan daji. A wajen masu kamfani, duk wanda ba fari ba ne ɗaya ne, kuma Sabu zai iya zama kowanne. Abin da ba su shirya ba shi ne su gan shi a matsayin cikakken namiji mai gida da iyali da ra'ayin kansa.

A zahiri kuwa ya girma, har ya yi abin da manya da yawa ba su yi ba. A Janairun 1944 ya zama ɗan ƙasar Amurka, ya shiga rundunar sojan sama. Aikinsa shi ne harbi daga wutsiyar jirgin yaƙi samfurin B-24 a fagen daga na tekun Pasifik, wurin da ake ganin yana cikin mafi haɗari a jirgin. Ya fita hare-hare masu yawa, aka ba shi lambar yabo ta Distinguished Flying Cross. Wannan ba fim ba ne, harsashin gaske ne.

Da ya dawo, sai ya tarar kasuwa ta juya. An fara gajiya da finafinan aljanu da fadojin Larabawa, Indiya kuma ta samu 'yanci a 1947, labaran daular Ingila sun zama tsohon yayi. A wannan shekarar ya samu rawa mai ɗan nauyi a Black Narcissus na Michael Powell da Emeric Pressburger, inda ya fito a matsayin matashin basarake mai son ado da turare. Ya kuma yi The End of the River, wanda a cikinsa ya zama ɗan ƙabilar dajin Amazon na Brazil, tare da ɗan wasan nan na Legas, Orlando Martins. Bayan waɗannan sai abin ya riƙa yin ƙasa. A 1948 ya auri Marilyn Cooper, 'yar wasan da suka haɗu a wajen ɗaukar Song of India, suka haifi 'ya'ya biyu, kuma suna tare har mutuwa ta raba. Amma ta fuskar aiki, sai ƙananan finafinan daji marasa kuɗi. A farkon shekarun 1950 har wasan giwaye ya koma yi a gaban 'yan kallo a Landan. Wato bayan duk wannan ɗaukaka, an sake mayar da shi kan giwa.

Shekarar 1957 ita ce ta fi ban tausayi. A shekarar ne Mother India na Mehboob Khan ya fito, fim ɗin da iyayenmu da kakanninmu suka kalla a silima har suka haddace. Masu tarihin fim ɗin sun rubuta cewa Sabu aka fara tunanin bai wa rawar Birju, ɗan nan mai taurin kai da ya zama ɗan fashi, har uwarsa ta harbe shi da hannunta. Sai dai Sabu ya riga ya zama Ba'amurke, bai samu takardar izinin aiki a ƙasar haihuwarsa ba, rawar ta koma hannun Sunil Dutt. Irin rawar da ya daɗe yana nema ke nan, ta mutum mai fushi da zuciya da dalili. A maimakonta, abin da ya fito a ciki a wannan shekara shi ne Sabu and the Magic Ring, yana ɗan shekara 33, magidanci, tsohon soja, amma an sake ba shi rawar yaron barga a fadar wani halifa. A Amurka ana ganinsa baƙo, a Indiya ma ya zama baƙo. Jemage ke nan, ba ka cikin tsuntsaye, ba ka cikin dabbobi.

Abin da ya rufa masa asiri shi ne bai dogara da fim kaɗai ba. Ya sa kuɗinsa a harkar gidaje, kuma shi da yayansa suna da shagon kayan ɗaki a Kalifoniya. A wannan shagon ne ɗan fashi ya harbe yayan nasa a 1960, mutumin da ya baro Maisur saboda shi. A shekarar ce kuma aka sa sunansa a titin taurari na Hollywood. Ya fara samun ayyukan manya, kamar Rampage na 1963 tare da Robert Mitchum, sai ajali ya katse. Ranar 2 ga Disambar 1963 ciwon zuciya ya ɗauke shi farat ɗaya a Chatsworth, cikin Los Angeles, yana da shekara 39. Fim ɗinsa na ƙarshe, A Tiger Walks na kamfanin Disney, ya fito a 1964, bayan an binne shi.

Me ya sa muka kawo wannan labari a filin matasa? Saboda yanzu ba sai Bature ya zo da kyamara daga Landan ba. Waya ɗaya ta isa ta mayar da yaro tauraro cikin mako guda. Muna ganinsu a TikTok da YouTube da finafinan Kannywood: yaro mai bakin manya, yarinya mai kwaikwayon tsofaffi, ɗan ƙaramin mawaƙi. Ana dariya, ana turawa, wani babba a gefe yana karɓar kuɗi. To amma abin da jama'a ke so a wajen yaron shi ne yarintarsa, ita kuwa ba ta zama. Ranar da murya ta buɗe, gemu ya tsiro, masu kallo za su koma kan wani sabon yaron, shi kuma a bar shi da sunan da ya yi masa kaɗan kamar rigar Sallar bara.

Don haka idan ƙanenka ne ko ɗanka Allah ya ba wannan baiwa, akwai tambayoyin da ya kamata a yi tun kasuwa na ci. Wa ke zaɓa masa abin da zai yi, kuma zai iya kallonsa ba kunya idan ya kai shekara 30? Kuɗin da ke shigowa, nawa ake ajiye masa da sunansa? Makarantarsa fa, ta boko da ta allo, tana tafiya ko an jingine ta sai an gama ɗaukar fim? Sabu ya samu makaranta, ya samu yaya mai tsaya masa, ya kuma yi dabarar kafa sana'a, shi ya sa bai mutu a wulaƙance ba kamar yara taurari da yawa. Duk da haka bai tsira daga rawanin da aka naɗa masa yana ɗan shekara 13 ba, domin labaran da ya fito a ciki ba shi ke rubuta su ba, kamfanin ma ba nasa ba ne.

Kai kuma matashin da ke kan ganiyarka yanzu, koyi abin da ke bayan kyamara tun ana yi da kai: rubutun labari, ɗaukar hoto, tace fim, lissafin kuɗi. Fuska tana tsufa, yayi yana wucewa, amma wanda ya iya rubuta labari shi ke yanke shawarar wanda zai girma a cikinsa.