William na Orange: Yariman da ya nutsar da gonaki don ceton birnin Leiden

An haifi William a ranar 24 ga Afrilun 1533 a garin Dillenburg na Jamus. Yana ɗan shekara 11 ya gāji sarautar Orange da ke kudancin Faransa ta yau, sannan ya tashi a fadar Sarki Charles na Biyar. A 1559 Sarki Philip na Biyu na Sifaniya ya naɗa shi gwamnan lardunan Holan da Zeeland da Utrecht.

Zaman bai ɗore ba. Gallazawar da Philip ya riƙa yi wa Furotesta ta raba su, har William ya ɗauki makami a 1568. Nan ne mafarin yaƙin shekara 80.

Babbar jarrabawarsa ta zo a 1574, lokacin da sojojin Sifaniya suka yi wa Leiden ƙawanya. Yunwa da annoba suka kashe dubban mutane, ga shi ba shi da rundunar da za ta kai ɗauki ta ƙasa. Amma yankin kwari ne, ganuwoyin ƙasa ne kawai ke tare masa ruwa. Sai ya shawo kan majalisar lardin ta amince a fasa ganuwoyin kogunan Maas da IJssel a watan Agusta, ko da yake manoma za su yi asarar gonaki da makiyaya.

Ruwan ya yi nawa. Makonni jiragen masu faffaɗan gindi, ƙarƙashin Louis Boisot, suna maƙale a hanya, William kuma na kwance da zazzaɓi. Tattabaru ne ke kai saƙo cikin birnin. A ƙarshe guguwa ta koro ruwan teku cikin kogunan, ambaliya ta ƙaru, Sifaniyawa suka janye cikin dare. Ranar 3 ga Oktoba jiragen suka shiga da burodi da kifi, abincin da har yau ake rabawa a Leiden duk shekara a wannan rana. A 1575 William ya kafa wa birnin jami'a, ta farko a ƙasar.

Philip ya sa lada a kansa a 1580. Ranar 10 ga Yulin 1584 Balthasar Gérard ya harbe shi a Delft, inda aka binne shi.

Sai a 1648 Sifaniya ta amince da 'yancin ƙasar. A 1672 kuma, a zamanin tattaɓa-kunnensa William na Uku, da ambaliyar ganganci aka tare sojojin Faransa kafin su kai Amsterdam.