John Hetrick: Uban da Ya Ƙirƙiro Jakar Iska Saboda 'Yarsa

Da yawanmu mun saba ganin haruffan SRS a jikin sitiyari, amma kaɗan ne suka san mutumin da ya kwana yana tunanin abin da ke bayansu. Sunansa John Hetrick, Ba'amurke ɗan jihar Pennsylvania, an haife shi a 1918. Ya yi aikin sojan ruwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda yake gyaran makamin nan na ƙarƙashin ruwa da ake kira tofido.

Wata Lahadi a 1952 ya fita shan iska a mota da matarsa da 'yarsu mai shekara bakwai. Kwatsam sai ga ƙaton dutse a tsakiyar hanya. Ya taka birki, ya kauce, mota ta faɗa kwata. Shi da matarsa duk suka miƙa hannu suka tare yarinyar don kada ta bugi dashbod. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo, amma abin ya tsaya masa a rai.

Da ya koma gida sai ya tuna wata rana a wajen aiki, da iskar da aka matse cikin tofido ta kufce, ta hura tamfol ɗin da aka rufe shi da shi har ya tashi sama. Daga nan ya zana jakar da za ta cika da iska ta tare mutum idan mota ta yi karo. A watan Agustan 1953 ya samu takardar mallakar wannan ƙirƙira.

Sai dai kamfanonin mota ba su kula shi ba. Gaskiya zanen nasa ma yana da rauni, domin matsattsiyar iska ba ta cika jaka da saurin da ake buƙata. Sai a ƙarshen shekarun 1960 Allen Breed ya fito da na'urar da ke gane karo nan take, aka kuma koma amfani da sinadarin da ke fitar da iskar gas cikin ƙiftawar ido. Kafin General Motors ya fara sayar da motoci masu jakar a shekarun 1970, wa'adin takardar Hetrick ya ƙare. Bai yi arziki da ita ba har ya rasu a 1999.

To, 'yan uwa ɗalibai, musamman masu shirin shiga gareji, wannan amana ce. Jakar tana fita da ƙarfin da zai iya karya wuyan makaniki. Kafin ka taɓa ta, cire kan batir, ka jira mintunan da littafin motar ya ce, domin akwai sauran wuta a na'urar. Kada ka soka mita ko fitilar gwaji a soket masu ruwan ɗorawa. Idan ka ciro ta, ajiye ta fuskarta na kallon sama.

In fitilarta ta ƙi mutuwa a dashbod, sa kwamfuta ka gano matsalar. Masu cire ƙwan fitilar don a samu sayar da mota 'yar Kwatano su ji tsoron Allah. Wanda ya saya zai ɗauki iyalinsa yana zaton akwai abin da zai tare su, alhali babu.