Uwaisu Alƙarni, wanda ya zauna da uwarsa

Ya kai ɗan'uwa saurayi, ko kana Haɗeja, ko Auyo, ko Guri, ko Kirikasamma, ka san yadda gari kan zama bayan kaka. An yanke shinkafa a fadama, ruwa ya ja, sa'o'inka sun ɗaure kaya sun nufi Kano da Legas cin rani, kai kuwa kana gida domin tsohuwa ba ta iya tashi sai an ɗaga ta. To, ga labarin wani da abin da ya wuce shi ya fi Legas nesa ba kusa ba.

Uwaisu ɗan Amiru mutumin Yaman ne, daga Ƙaran, wani reshe na ƙabilar Muradu. Ya musulunta tun Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da rai, amma bai taɓa ganinsa ba. Malamai sun ambata cewa hidimar uwarsa ce ta tsare shi. Ka auna wannan da kyau. Da ya je Madina ya yi ido biyu da Annabi sau ɗaya, yana mumini, da ya zama sahabi. Har Annabi ya yi wafati a shekara ta 11 bayan Hijira, watau 632, Uwaisu yana Yaman. Ga talauci, ga cutar fata da ya yi fama da ita, har Allah ya yaye masa sai ɗan tabo kamar faɗin dirhami.

Kada ka ɗauka jinyar tsoho abu ne mai sauƙi ga salihai. Wanki ne, da rashin barci, da gigin tsufa, inda za ka ba ta tuwo ta ce ba ka ba ta ba. Zuciya takan ƙuntata. Gajiya ba zunubi ba ce, abin da aya ta 23 a Suratul Isra'i ta hana shi ne ka furta ƙosawar, ko da tsaki. In ka ji ranka ya ɓaci, fita ka yi alwala, ka kira ƙanenka ya karɓe ka. Masu barin wa matansu dukan aikin su tafi majalisa hira kuwa, su daina kiran kansu masu biyayya.

Imamu Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya ba Umaru labarin Uwaisu, ya siffanta shi da mafificin tabi'ai, ya ambaci biyayyarsa ga uwarsa, ya ce a nemi ya roƙa gafara. Da Umaru ya zama halifa, duk ayarin da ya zo daga Yaman sai ya tambaya, har ya same shi. Sarkin Musulmi guda ya roƙi talakan Yaman addu'a! Tatsuniyar da ake yi cewa ya fasa haƙoransa kuwa, ba ta da tushe, a bar ta.

Umaru ya so ya rubuta wa gwamnan Kufa takarda a kansa, ya ƙi, ya zaɓi zama cikin talakawa. Da mutanen Kufa suka gane ko wane ne shi, sai ya bar musu garin. Mafi yawan masu tarihi sun tafi a kan cewa an kashe shi a yaƙin Siffin, yana cikin rundunar Aliyu, a shekara ta 37, watau 657. Allah ya ji ƙansa.