Ladi Kwali: Mai Ginin Tukwane Da Jami'ar Samaru Ta Naɗa Dakta

Yau tarihin wata baiwar Allah za mu duba, wadda hotonta ya sha wucewa ta hannunka, amma da wuya in ka taɓa tsayawa ka dube ta. In ka samu takardar Naira 20, duk da dai yanzu ko ruwan leda ba ko'ina take saye ba, ka juya bayanta. Gaba Janar Murtala Muhammad ne. A baya kuwa wata mata ce tana aikin tukunya. Ita ce Ladi Kwali, mace ɗaya tilo da aka rubuta sunanta a jikin kuɗin Naira.

An haife ta wajen shekarar 1925 a garin Kwali, ƙasar Gwari, wanda yau yake cikin yankin Babban Birnin Tarayya. A can ginin tukwane sana'ar mata ce, 'ya ta gada wurin uwa ko 'yar'uwar uwa. Ladi ba ta yi boko ba. Tun tana yarinya aka zaunar da ita gaban wata 'yar'uwar iyayenta tana koyo: yadda ake kwaɓa yumɓu, yadda ake murza shi a jera, a riƙa zagaya tukunyar ana ɗaga ta da hannu har ta tashi. Daga nan sai ado. Da ɗan tsinke ko wuƙa take zana kunama, kada, ƙadangare, hawainiya, kifi da tsuntsaye a jikin tulu tun yana ɗanye, sannan a tara itace da ciyawa a gasa a fili.

Mata da yawa suna wannan aiki a lokacin, amma nata ya fita daban wajen daidaito da kyan zane. Har labari ya kai ga Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya riƙa sayen tukwanenta yana ajiyewa a fada. Kada ka rikice, Abujar da ake magana ita ce Suleja ta yau. Kuma kai Bazazzagi, garin nan naku ne: sarakunan Zazzau na Haɓe da suka bar Zariya a zamanin jihadi su suka kafa shi, shi ya sa har gobe ake ce wa sarkinsu Sarkin Zazzau Suleja.

A fadar ne wani Bature, Michael Cardew, ya ga aikinta. Shi ma maginin tukwane ne daga Ingila, ya taɓa aiki a Gana, sai gwamnati ta ɗauke shi don ya inganta sana'ar a Nijeriya. Ya zagaya Arewa yana duba yumɓu da ruwa da itace, ya zaɓi Abuja, aka buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950. Ɗaliban farko duk maza ne. Ka ji wani abu: sana'ar da mata suka riƙe tun kaka da kakanni, da aka zo zamanantar da ita sai aka fara da maza. A 1954 Ladi ta shiga, ta zama mace ta farko a wurin.

To, a nan fa nake so ka natsu. Lokacin ta kusa shekara 30, ta riga ta ƙware, sarki ma yana sayen kayanta. Da wani ne sai ya ce me kuma za a koya mini? Ita ko ta zauna ta zama ɗaliba. Ta koyi gini a kan faifan da ke juyawa, ta koyi haɗa ruwan ƙyalli da ake shafa wa tukunya ta fito kamar tangaran, ta koyi gashi a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200. Ta riƙa yin kwanuka, kofuna da butoci. Amma ba ta yar da na gida ba. Manyan tulunan nan ta ci gaba da gina su da hannu yadda aka koya mata a Kwali, da zanen kada da kunamarta, sai dai yanzu da sabon yumɓu da sabon gashi.

Wannan haɗi ya canza mata kasuwa gaba ɗaya. Ka san tulun gargajiya yana sanyaya ruwa ne saboda yana tsattsafo, iska na bugunsa. Wanda aka shafa wa ƙyalli aka gasa da wuta mai tsanani ba ya tsattsafo, ga shi da nauyi, don haka ba na ɗebo ruwa ba ne kuma. Ya koma kayan ado, wanda masu kuɗi da gidajen tarihi ke nema. Hannu ɗaya ne, amma horon da ta ƙara ya kai kayanta inda mai ɗaukar tulu zuwa kasuwar ƙauye bai taɓa zato ba.

An baje kolin tukwanen Abuja a Landan a 1958, 1959 da 1962, kuma nata ne suka fi jan hankali. A farkon shekarun 1960 ta je Ingila da kanta tana nuna wa ɗalibai da malamai yadda ake gina tulu ba tare da na'ura ba, ta kuma leƙa Faransa da Jamus. A 1972 ita da Cardew suka zagaya Amurka. Matar da ba ta zauna a aji ba, ga ta tana koyar da 'yan kwaleji, hannunta ne ke yin bayanin.

Ƙofar da ta buɗe ba ta rufe ba. Wasu mata sun biyo sawunta zuwa cibiyar, irin su Halima Audu, Lami Toto, Asibi Ido da Kande Ushafa, har suka samu ɗakin aikinsu da ake kira Ɗakin Gwari. Daga baya lambobin yabo suka biyo. Ingila ta ba ta MBE. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello, nan Samaru, ta ba ta digirin girmamawa na dakta. A 1980 ta samu lambar NNOM, wadda Nijeriya ke bai wa manyan masana, sai OON a 1981. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. An sa wa cibiyar sunanta, akwai kuma titi da sunanta a Abuja.

Yanzu mu dawo gida. Kai da ka gama digiri a Samaru, ka yi bautar ƙasa, kana zaune a majalisa kana jiran aikin ofis shekara biyu ko uku, ka tuna jami'ar da ta ba ka takarda ita ce ta sanya wa mai ginin tukwane rigar dakta. Ashe ita kanta ba ta raina aikin hannu ba, to kai don me? Ka ratsa Sabon Gari da safe ka gani: kanikawa, masu walda, kafintoci, teloli, masu gyaran waya a PZ, kowa ya buɗe yana nema. Babu kunya ka je ka ce Oga ina son koyo, ko da yaron da zai fara nuna maka bai kai ƙaninka ba. Karatunka ba zai tashi a banza ba. Shi zai sa ka iya lissafin riba, ka karanta takardar inji, ka tallata kayanka a Facebook da WhatsApp.

Kai kuma da ka riga ka iya sana'ar, kada ka tsaya a nan. Ladi da ta tsaya a kan abin da ta gada, da Kwali da kewaye kaɗai za su san ta. A Samaru akwai cibiyar kimiyyar fata, NILEST, inda ɗan dukawa ko ɗan majema zai ga yadda ake jima da ɗinkin takalmi na zamani. A jami'ar ma akwai sashen da ke koyar da tangaran, yadi da gilashi. Akwai jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, akwai ta NABTEB. Takardar nan ita ce za ta tsaya maka ran da kamfani ko gwamnati suka ce kawo shaida.

Ke ma 'yar'uwa, ba ɗinki da girki kaɗai aka halatta miki ba. Ladi ita kaɗai ce mace cikin maza, ta riƙe mutuncinta, ta yi aikinta, wasu suka samu hanya ta dalilinta.

Sai ku iyayen gida masu shago da gareji. Da Sarki Sulaimanu Barau bai daraja aikin 'yar ƙauye ba, da cibiyar ta ce maza kawai, da ba mu san wannan suna ba. Yau a bakin shagonka akwai almajirin da ya girma ba sana'a, akwai mai lalurar ƙafa da hannunsa lafiya lau, akwai marainiyar da ba ta da kuɗin rajista. Ku ba su wurin zama, ku koya musu tsakani da Allah, kada yaro ya shekara uku aike da sayo abinci kawai yake yi.

Kafin mako mai zuwa, ka zaɓi sana'a ɗaya da ranka ke so, ka nemi wanda ya fi kowa iya ta a unguwarku, ka je ka gaishe shi ka tambayi sharuɗɗan koyo. Allah Ya sa wa hannuwanmu albarka, Ya raba mu da zaman kashe wando. Sai mun haɗu.